Yadda ake yaƙi a ƙasar ƙanƙara ba tare da sanyi ya riga abokin gaba kashe ka ba

Kafin ka ci gaba da karatu, je ka buɗe firiza ka cusa hannunka ciki ka ƙirga sittin. Wannan abun da ka ji yana cizon yatsunka digiri 18 ne ƙasa da sifili, in ma an samu wuta kenan. To a ranar 16 ga Janairun 1940 an auna digiri 43 ƙasa da sifili a yankin Kareliya da ke kan iyakar Finland da Rasha, kuma a fili mutane suke kwana a ranar, da bindiga a hannu, ana harbinsu. Ni da in jaura ta ɗan busa sai in fara lissafin ko wankan safe dole ne, gaskiya abun ya daɗe yana tsaya min a rai.

Yaƙin da zan jingina da shi shi ne wanda ake ce wa Yaƙin Hunturu, tsakanin Finland da Tarayyar Sobiyat. Shugaban Sobiyat, Sitalin, ya nemi Finland ta ja iyakarta baya saboda birnin Leningrad kilomita 32 kacal yake daga kan iyaka, suka ƙi, sai ya auka musu ranar 30 ga Nuwamban 1939. Finland a lokacin mutanenta ba su kai miliyan 4 ba, tankokin yaƙinta 32, su kuwa Sobiyat sun shigo da tankoki sama da 2,000, ko ba a gwada ba dai linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Amma sai da aka yi kwana 105 ana gwabzawa. To mu ɗauka kai aka damƙa wa runduna a irin wannan waje, ga yadda za ka yi.

Fara da jikin sojanka tukuna

Abun da ke kashe mutum a can ba sanyin iska kaɗai ba ne, gumi ne. Eh gumi. Ka jibga kaya masu kauri ka yi tafiyar kilomita biyar a cikin dusar ƙanƙara mai kai wa gwiwa, ka jiƙe sharkaf daga ciki, da ka tsaya hutawa sai gumin nan ya fara daskarewa a jikinka, shikenan ka zama kamar wanda ya sa rigar da aka ciro daga firiza. Saboda haka ba riga ɗaya ƙatuwa ake so ba, riguna ake so hawa-hawa, na ulu a ciki, mai tare iska a waje, in za a fara tafiya a rage har mutum ya ɗan ji sanyi, in an tsaya a mayar nan take tun jiki bai huce ba. Kwamandan da bai iya tsayar da mutanensa ya ce kowa ya cire riga ɗaya ba, to bai fara aiki ba.

Takalmi kuma ya zama ya yi wa ƙafa yawa. Takalmin da ya matse jini ba ya zagayawa, yatsu su fara fari, su daina jin komai, in an kwana biyu su yi baƙi sai yankewa. A bar fili a ciki na safa biyu ko tsumman naɗe ƙafa, mutanen Sami na can arewa ma busasshiyar ciyawa suke cusawa a takalminsu tun kaka da kakanni. Kowa ya riƙe busasshiyar safa a ƙirjinsa cikin riga, kuma kai shugaba ka dinga sa a cire takalmi kana duba ƙafafu da idonka, don soja ba zai faɗa maka ba, shi kansa bai san yatsansa ya tafi ba tunda ya daina ciwo.

Wani abun dariya a nan, Finland talaucinta ne ya taimake ta. Ba su da isassun kakin soja, da yawa daga waɗanda aka kira bel da bindiga da ɗan bajon hula kawai aka ba su aka ce su zo da kayansu na gida, har ana yi wa shigar ba'a ana kiranta samfurin Cajander, sunan firaministan da ake zargi da ƙin kashe kuɗi a kan soja. To amma kayan gida na manomi ko mai saran itace a Finland ai kayan sanyi ne na gaske. Su kuwa sojojin Sobiyat da yawansu sun shigo da kaki mai duhu da wata hula mai tsini da ake kira budenovka wadda ba ta tsare komai a irin wannan sanyin, tankokinsu kore shar a kan farin fili. Ka sa wa mutanenka farin mayafi a saman kaya, ko zanen gado ne, ka shafa wa motoci farar ƙasa. Bayan yaƙin ne Sobiyat suka yar da budenovka suka koma hular nan mai kunnuwa, ushanka, da muke gani a kan Rashawa har yau.

Kar kuma ka ɗauka sai sanyi ya kai 40 yake illa. Amurka ta sauke sojojinta a tsibirin Attu kusa da Alaska ranar 11 ga Mayun 1943 don korar Japanawa, rundunar da aka kai ɗin a hamadar Kalifoniya ta yi atisaye don ana shirin kai ta Arewacin Afirka, aka ba su takalman fata suka shiga laka da ruwan ƙanƙara. Waɗanda aka kashe 549 ne, amma wajen 1,200 sanyi ne ya fitar da su daga fagen daga, yawanci ƙafafu ne suka ruɓe a cikin jiƙaƙƙen takalmi. Sanyi mai danshi ya fi busasshe mugunta.

Wuta da abinci mai zafi, nan ne yaƙin yake

In ka manta komai kar ka manta wannan. Mutum zai iya jure sanyin nan na wasu awanni in ya san akwai inda zai koma ya ji ɗumi. In babu, kwana uku ya isa ya zama ba soja ba, hannu ba ya iya ɗana kunama, kai ba ya lissafi, umarni ma ba ya shiga kunnensa.

'Yan Finland suna da tanti mai ɗaukar mutum wajen ashirin da murhun ƙarfe a tsakiya, bututun hayaƙin shi ne ma ginshiƙin tantin, a shimfiɗa rassan bishiya a ƙasa don kar a kwanta a kan ƙanƙara, a kwanta ƙafafu na kallon murhu, mutum ɗaya ya zauna gadin wuta ana karɓa-karɓa har gari ya waye. Inda aka daɗe kuma su haƙa ɗaki a ƙarƙashin ƙasa su rufe da gungume, har ɗakin surace suke ginawa a bayan fagen daga, wanda suke kira sauna, mutum ya shiga ya yi gumi ya kashe ƙwarƙwata ya fito kamar sabo. Kai ma haka za ka tsara: wasu na waje suna aiki, wasu na ciki suna ɗumama, ana juyawa, kuma kar ka yarda juyin nan ya karye ko da harbi ake.

Abinci ya zama mai maiƙo kuma mai zafi, kuma da yawa, don jiki na ƙona abinci kamar injin da aka bari a kunne, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ruwa kuma a narkar da dusar ƙanƙara a tukunya a sha da ɗumi, kar a bari su dinga dumbuza suna ci, yana ƙara sanyaya ciki. Mutane na mantawa da ƙishirwa a sanyi alhali jiki na bushewa ta numfashi. Barasa kuwa yaudara ce, Sobiyat sun fara raba wa sojojinsu vodka giram 100 a rana a Janairun 1940, mutum zai ji kamar ya ɗumama amma jijiyoyin fata ne suka buɗe zafin cikinsa na ficewa, ga barci, kuma wanda ya yi barci a fili a can ba lallai ya tashi ba.

Ga labarin da ya fi nuna min girman abun. A daren 10 ga Disamban 1939 kusa da Tolvajärvi wata bataliyar Sobiyat ta zagayo ta daji ta faɗo a bayan 'yan Finland ba wanda ya sani, hanya a buɗe take su tarwatsa komai. Sai suka ci karo da kicin ɗin soja, tukwane na tafasa da miyar tsiran turawa. Mutanen nan sun yi kwanaki cikin yunwa da sanyi, wallahi sai suka tsaya ci. Kafin su gama Laftanar Kanal Aaro Pajari na Finland ya tattaro masu dafa abinci da ma'aikatan ofis da duk wanda ya samu suka far musu a cikin duhu. Har yau 'yan Finland na kiran abun yaƙin tsire.

Bindiga da mota su ma suna jin sanyi. Man da ake shafa wa bindiga yana yin kauri ya daskare, ka ja kunama shiru. A goge shi tas, ko a sirka shi ya yi ruwa-ruwa. Kar a dinga shiga da bindiga tanti mai ɗumi ana fita da ita, raɓa za ta kwanta a ƙarfen ta daskare a ciki, a bar ta a waje. Kar a taɓa ƙarfe da hannu tsirara, fata na mannewa. Mota kuwa in ka kashe ta da daddare ba lallai ta tashi da safe ba, in ka bar ta a kunne kuma mai na ƙarewa, ka ga tun ba a yi harbi ba lissafi ya fara rikicewa.

Sauka daga kan titi

Runduna mai tankoki da manyan motoci da igwa dole titi take bi, kuma a gabashin Finland titi ɗaya ne siriri a tsakiyar kurmi, hagu da dama bishiyoyi da dusar ƙanƙara. Kai kuwa ka sa mutanenka a kan katakon zamiya, dogayen katakan nan biyu da ake ɗaurawa a ƙafa, ɗan ƙauyen Finland tun yana yaro da su yake zuwa makaranta. Kaya masu nauyi, mashinga da harsasai da wanda aka ji wa rauni, a zuba a wani abu kamar ƙaramin kwale-kwale da suke kira ahkio, mutane su ja. Tafki da fadama da ba sa ratsuwa da damina, yanzu sun daskare sun zama hanya. Rana kuma a Disamba 'yan awanni kaɗan take yi a wannan yankin, can ƙuryar arewa ma ba ta fitowa sam, to duhun nan naka ne in ka san dajin.

In kuma ba ka san ƙasar ba kar ka yarda da taswira ido rufe. A wani yaƙin daga baya, Jamusawa ƙarƙashin Janar Dietl sun tashi ranar 29 ga Yunin 1941 za su kama Murmansk, tashar jiragen ruwan Sobiyat a can arewa, wasu layuka da suka gani a taswira suka ɗauka hanyoyi ne ashe ba hanya ba ce, suka tarar da duwatsu da fadama ba ko bishiyar fakewa, komai sai a bayan alfadari ko a kan mutum. Suka maƙale a kogin Litsa, a nan suka zauna har Oktoban 1944 da Sobiyat suka koro su. Murmansk ko hango ta ba su yi ba.

Yadda ake yanka ayari gunduwa-gunduwa

Wannan shi ne abun da ya fi shahara, suna kiransa motti, kalmar da asali take nufin tulin itacen girki da aka sara aka jera aka bari sai an dawo ɗauka. Mu dube shi a kusa a Suomussalmi.

Sobiyat sun turo runduna ta 163 da nufin ta ratsa ƙasar ta inda ta fi tsukewa ta kai birnin Oulu a bakin teku, a raba Finland gida biyu. Suka kama ƙauyen Suomussalmi ranar 7 ga Disamban 1939 amma toka suka tarar, 'yan Finland sun ƙone gidajen kafin su ja baya don kar a samu wajen fakewa, ka lura da wannan. Finland ta turo Kanal Hjalmar Siilasvuo da mutanen da ba su kai na Sobiyat yawa ba. Sannan ga wata rundunar Sobiyat, ta 44, ta taho daga Yukren da kayan yaƙi na gani na faɗa tana bin titin Raate don ta haɗu da ta farko.

Abu na farko da Siilasvuo ya yi, ya hana rundunonin biyu haɗuwa. Ya sa 'yan ɗaruruwan sojoji suka toshe titin a wani matsatsi tsakanin tafkuna biyu, suka yi ta harbi da kai hare-hare ta ko'ina har kwamandan runduna ta 44, Vinogradov, ya ɗauka babbar runduna ce a gabansa ya tsaya cak. Ayarinsa ya miƙe a kan titi ɗaya wajen kilomita talatin, mota bayan mota, doki bayan doki, ba gaba ba juyawa. Siilasvuo ya juya ya gama da ta 163 tukuna, a ƙarshen Disamba ragowarsu suka tsere ta kan daskararren tafkin Kiantajärvi.

Sai ya dawo kan ta 44. Ga tsarin in kai ne: ka share hanyarka ta ɓoye a gefe, su a kan ƙanƙarar tafkunan da ke kudu da titin suka share tasu, nesa da idon abokin gaba, inda za ka dinga kai mutane da abinci ka kafa tantunanka masu murhu. Daga nan 'yan sintiri su je su gano inda ayarin ya yi rauni. Da dare ƙungiya ta zamo a kan katako shiru, su faɗa kan titin a wuri ɗaya da ƙananan bindigogi masu ruwan harsashi, tasu ita ce Suomi mai ɗaukar harsashi wajen 70, su share 'yan mitoci ɗari, nan take masu gatari da zarto su kayar da bishiyoyi a kan titi ta fuska biyu a dasa nakiyoyi a kafa mashinga. Yanzu ayari ya zama biyu. Gobe a sake a wani wurin, ya zama huɗu. A karya gadar da ke bayansu.

Sannan ka zaɓi abun harbi, kuma ba tanka ba ce ta farko, kicin ne. Kicin ɗin tafi-da-gidanka na Sobiyat dogon bututun hayaƙi gare shi ana hango shi daga nesa, a fasa shi. Duk inda suka hura wuta suka kewaye ta suna jin ɗumi, sun haska kansu kenan, maharbi na cikin duhu yana kallonsu. Ka hana su barci da ƙananan hare-hare, naka kuma suna komawa tanti suna shan shayi ko kofi mai zafi suna sauya safa. Su zauna ba wuta sanyi ya kashe su, su hura wuta harsashi ya same su, su shiga daji ba katakon zamiya su nutse har ƙugu, gaba kura baya sayaki. Dawakansu suka fara yankawa suna ci.

Babban harin ya zo ranar 5 ga Janairun 1940, zuwa 7 ga wata an gama. 'Yan Finland suka kwashi tankoki 43 da dawakai sama da 1,000 da manyan motoci da igwa, ga gawarwaki dubbai a daskare a gefen titi yadda mutuwa ta same su, wani a zaune wani a durƙushe. Vinogradov ya tsira ya koma, bayan 'yan kwanaki nasu suka harbe shi a gaban ragowar sojojinsa.

Tanka kuwa in ba sojan ƙasa a gefenta makauniya ce, ana iya zuwa har jikinta. Gungume suke cusa mata a ƙafa, ko su jefa mata kwalbar wuta a bayan inji, kwalbar nan da suka raɗa wa sunan ministan harkokin wajen Sobiyat, Molotov, don tsokana, kuma kamfanin barasa na gwamnati ne ya dinga cika su da ɗaruruwan dubbai a masana'antarsa ta Rajamäki. Sai dai kar a ruɗe ka, masu wannan aikin da yawansu ba sa dawowa.

Maharbi kuma ya koyi da Simo Häyhä, wani ɗan gajeren manomi mafarauci da ya yi yaƙi a Kollaa, wanda ake danganta masa kashe mutum sama da 500. Ba ya sa madubin hange a bindigarsa, don gilashi na yin hazo a sanyi, yana ƙyalli a rana, kuma sai ka ɗaga kai sama kafin ka leƙa. Yakan danne dusar da ke gaban bakin bindiga don kar ta tashi ta tona shi in ya harba. Ranar 6 ga Maris harsashi ya farfasa masa muƙamuƙi, amma ya rayu har 2002.

Wanda aka ji wa rauni a kwashe shi da wuri a naɗe shi, wanda ya zubar da jini sanyi na gama shi cikin ɗan lokaci ko da raunin ba na mutuwa ba ne. Yatsan da ya daskare kar a goga masa ƙanƙara kamar yadda mutanen da suke yi, a sa shi a hammata ko a cikin rigar wani. Magani ma daskarewa yake, a yaƙin Koriya a 1950 wajen tafkin Chosin ma'aikatan jinyar Amurka a baki suke riƙe allurar kashe zafi don ta narke.

Inda dabarar take ƙarewa

Motti na buƙatar igwa da harsasai don a gama da shi, Finland kuma ba ta da su. A arewacin tafkin Ladoga sun yi wa runduna guda-guda ƙawanya amma Sobiyat suka haƙa ramuka suka kewaye kansu da tankoki, jirage na jefo musu abinci, wasu suka yi makonni, wata rundunar ma har aka gama yaƙin ba ta faɗi ba, kuma duk sojan da ka ajiye yana gadin ƙawanya ka rasa shi a wani wurin. Saboda haka tun kafin ka yanka ka san da me za ka gama.

Sannan duk wannan a kurmi yake aiki. A mashigin Kareliya, inda babban layin tsaron Finland yake, wanda aka raɗa wa sunan babban kwamandansu Mannerheim, fili ne matsattse ba inda za ka zagaya. A Janairun 1940 Sitalin ya ba wani kwamandansa, Timoshenko, ragama, ya sa aka yi wa tankoki farin fenti, aka kawo kayan sanyi, aka koya wa sojan ƙasa tafiya tare da tanka, aka jera igwa aka yi ta ruwan wuta kwana da kwanaki, ranar 11 ga Fabrairu suka kawo babban hari suka fasa layin a wajen Summa. Ƙanƙarar da ta taimaki Finland ita ce kuma ta juya mata baya, tekun da ke gefen birnin Viipuri ya daskare har tanka na bi ta kai, a farkon Maris suka tsallako ta nan. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma Mannerheim ya san haka, ya faɗa wa gwamnati ta nemi sulhu tun sojojin na tsaye da ƙafafunsu.

Aka sa hannu a Mosko ranar 12 ga Maris, aka tsagaita wuta washegari 13 ga wata. Finland ta rasa mutum kusan 26,000, Sobiyat kusan 127,000 tsakanin matattu da ɓatattu a lissafin da masana tarihin sojan Rasha suka fitar daga baya. Finland ta tsira da 'yancinta amma ta ba da wajen kashi ɗaya cikin goma na faɗinta har da birnin Viipuri, kuma mutum sama da 400,000 suka bar gidajensu a yankin da aka miƙa, aka ba su 'yan kwanaki su kwashe abun da za su iya, suka kama hanyar yamma da shanunsu a gaba, a cikin dusar ƙanƙarar da ba ta fara narkewa ba.